RUMBUN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA: Yadda Wasu Ke Wanke Ƙazamin Ruwa Su Mayar Wa Rijiyoyinsu



Duk inda muka je taron ƙungiya da rani, kuka ɗaya muke ji, watau ruwan rijiya yana gudu. Rijiyar da iyayenmu suka haƙa suka tarar da ruwa a gaba shida, yau sai an ƙara wa guga igiya. A fadama kuwa, inda dā mutum ɗaya ke ban ruwa da jigo, yanzu injuna ne ke kuka tun asuba, kafin watan Afrilu ya kama bututu ya soma zuƙar iska. Mata da yara su ne suka fi kowa sanin zancen, gama su ke kwana a bakin rijiya suna jiran ta tsattsafo.

Saboda haka a wannan fitowa muka kawo muku labarin waɗansu mutane da irin wannan masifa ta same su tun kafin ta same mu, da abin da suka yi a kai. Dabarar tasu za ta ba ku mamaki, wataƙila ma ta sa wani ya tofar da yawu. Ruwan da ya fito daga makewayi da wurin wanka da madafa, shi suke wankewa sarai su mayar cikin ƙasa, rijiyoyinsu su sha. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

DAGA INA RUWAN RIJIYA KE FITOWA?

Da yawa cikinmu sun ɗauka akwai wani babban kogi a ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya ƙarewa. A yawancin wurare ba haka ba ne. Ruwan yana zaune ne a tsakankanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, da cikin tsagar duwatsu. Wanda ke son ya gani da idonsa, ya cika kwano da yashi, ya zuba ruwa kofi biyu, sa'an nan ya tona rami da yatsa. Ruwa zai taru a ramin. To, ramin nan shi ne rijiya. In ya yi ta kwasa da cokali bai ƙara zuba wani ba, ramin zai bushe.

Watau ƙasa rumbu ce. Damina ke zuba mata, mu kuwa muna ɗiba. Amma rumbun nan ya bambanta da na gida ta wajen abu guda: iyakar gona ba ta kai can ƙasa ba. Wanda ya kafa inji a lambunsa, daga rumbun maƙwabcinsa ma yake ja. Wanda kuma ya zuba ƙazanta a nasa gefen, ya zuba wa kowa.

MANOMAN LEMO DA RUWAN ZARTSI

A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, kudu da birnin Los Anjalas, akwai wata gunduma a bakin teku ana ce da ita Oranj, watau lemo, gonakin lemo kuwa sun cika ta a dā. Ruwan saman da suke samu a shekara wajen inci 13 ne ko 14, bai kai rabin na Kano ba. Amma Allah ya ba su yashi mai kauri a ƙarƙashi cike da ruwa. Sa'ad da manoman fari suka soma haƙa, a waɗansu wurare ruwa da kansa yake tsartuwa sama ba a ja shi ba, har akwai garin da ma'anar sunansa ita ce Kwarin Marmaro. Mutanen Borno da suka ga rijiyoyin burtsatse na shekarun 1960 suna kwarara dare da rana sun san irin wannan.

Kowa ya haƙa, kowa ya ja, ba mai mayarwa. Marmaro ya ɗauke, aka sa injuna, ruwa ya yi ta nutsewa. Kafin 1956 ya faɗi har ƙasa da fuskar teku. Ruwa kuwa gangare yake bi. Sai ruwan teku ya biyo ta cikin yashi ya shigo tudu fiye da mil 3, rijiyoyin bakin gaɓa suka zama zartsi, aka bar su.

Tun 1933 an riga an kafa musu hukuma mai lura da ruwan ƙasa na gundumar. Cikin 1954 hukumar ta sa wata doka da ta cancanci ƙungiyoyinmu su dube ta: duk mai jan ruwa daga ƙasa zai biya kuɗi gwargwadon abin da ya ja, kuɗin nan kuwa ana sayen ruwa da shi a mayar cikin ƙasa. Suka riƙa sayen ruwan da ake kawowa daga kogin Kolorado, tafiyar ɗaruruwan mil, suna kuma tare na kogin Santa Ana suna baza shi cikin manyan tafkuna masu yashi domin ya nutse. Amma ruwan saye yana da tsada, in an yi fari kuwa mai sayarwa ma nasa yake nema. Ga jama'a na ƙaruwa, gidaje na cinye gonaki. Ga kuma ƙazamin ruwan gidajen nan, miliyoyin galan kowace rana, ana tura shi cikin teku a banza. Nan fa suka ce, ashe ga kogin da ba ya ƙafewa ko da fari.

Cikin 1976 suka buɗe matatar farko, wadda suka sa wa suna Masana'antar Ruwa ta 21, mai ba da galan miliyan 15 a rana. Suka jera rijiyoyi kusa da gaɓar teku, ba domin a ja ruwa ba, sai domin a ɗura. Ruwan da aka ɗura ya zama kamar ganuwa a ƙarƙashin ƙasa, ya tokare ruwan gishiri. Matatar ta yi aiki har 2004. A watan Janairu na 2008 aka buɗe sabuwa mai ba da galan miliyan 70 a rana, aka ƙara ta zuwa miliyan 100 cikin 2015, sa'an nan miliyan 130 cikin 2023. Wannan wajen lita miliyan 490 ke nan, ko jarka mai lita 25 kusan miliyan 20, kowace rana ta Allah. Ya isa bukatar mutum miliyan ɗaya.

ƘOFOFIN DA RUWAN KE BI

Kafin ruwan ya iso wannan matata, ya riga ya bi ta gidan gyaran ƙazamin ruwa irin na kowane babban birni. A can ake tsame tarkace, a bar laka ta kwanta, a busa iska domin waɗansu ƙananan halittu masu amfani su cinye dauɗar. Ruwan da ya fito daga nan ya yi haske, amma bai isa sha ba. Daga nan sai ya bi ƙofa uku.

Ƙofa ta fari tacewa ce. Manyanmu sun tuna zamanin kurkunu, yadda ake ɗaura ƙyalle a bakin tulu a tace ruwan tafki. To, wannan ma haka ne, sai dai ƙyallen nasu waɗansu siraran zaruruwa ne masu rami a ciki kamar karan alkama, jikinsu cike da huji ƙanana ƙwarai, in an kasa kaurin gashin kai kashi 300, huji guda kamar kashi ɗaya ne. Ana zuƙo ruwa ta hujin, gurɓi da yawancin ƙwayoyin cuta su tsaya a waje.

Ƙofa ta biyu ita ce tacewa da matsi. Kowa ya san in gishiri ya narke cikin ruwa ba ƙyallen da zai raba su. Amma akwai wata irin takardar roba wadda in an matsa mata ruwa da ƙarfin inji, ruwa zalla ne ke ratsa ta. Gishiri, da ragowar maganin asibiti, da maganin ƙwari, da ƙwayoyin cuta mafi ƙanƙanta duk sai su tsaya. Cikin kowace garwa 100 da aka matsa, wajen 85 ke wucewa. Sauran 15, waɗanda suka kwashe dattin duka, ana kai su can cikin teku ta dogon bututu.

Ƙofa ta uku haske ne. Cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta in an shanya kaya. Sun yi fitilu masu ba da irinsa da ƙarfi ainun. Ana ɗiga wa ruwan maganin nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a asibiti, watau haidurojin farokusaid, sa'an nan a bi da shi ta gaban fitilun. Su biyun tare sukan farfasa ɗan abin da ya kuɓuce wa ƙofa ta biyu.

Ruwan da ya fito ya yi tsabta har ya wuce kima, gama ba sauran ma'adini a cikinsa, in an bar shi haka sai ya ci bututu. Don haka sukan mayar masa da 'yar farar ƙasa kaɗan. Sa'an nan a raba shi. Wani kashi a ɗura cikin rijiyoyin ganuwar nan, mafi yawansa kuma a tura ta bututu mil 13 zuwa tafkunan garin Anahaim, ya nutse cikin yashi, ya gauraya da ruwan sama da na kogi. Yakan yi watanni, wani ma shekaru, kafin ya kai rijiyar sha. Mutum miliyan 2 da rabi ke zaune a kan wannan rumbu, fiye da kashi 3 cikin 4 na ruwansu daga cikinsa yake.

Me ya sa ƙofofi da yawa haka? Domin aikin ɗan adam ba ya rasa kuskure, su ma sun gani. Cikin 2000 awo ya nuna wata guba 'yar kaɗan, mai iya kawo ciwon daji, ta ratsa tsohuwar matatar har ta kai rijiyoyin sha guda biyu. Aka rufe rijiyoyin, aka ƙara ƙofar haske. Da ba su awo kullum, da ba wanda ya sani, gama ruwan garau yake a ido.

Aikin yana da tsada. Ginin 2008 kaɗai ya ci dala miliyan 481, injunan kuma ba su kwana sai da lantarki. Duk da haka wutar da suke ci ba ta kai rabin wadda ake bukata a turo ruwa daga arewacin jihar ba.

ƘYAMA

Abin da ya fi injuna wuya shi ne zuciyar mutum. A birnin San Diyego, maƙwabtansu na kudu, an so a yi irin wannan aiki, jama'a suka ce ba za a shayar da su ruwan masai ba, aka jingine shi cikin 1999, sai bayan shekaru da yawa aka sake ɗauko shi. A garin Tuwumba na ƙasar Ostireliya an jefa ƙuri'a a kai cikin 2006, ana tsakiyar fari, kashi 62 cikin 100 suka ƙi.

Mutanen Oranj kuwa tun ba a aza tubali ba suka yi shekaru suna zagawa, suka yi taro fiye da dubu da likitoci, da shugabannin addini, da ƙungiyoyin mata, da na unguwanni. Ba su ɓoye inda ruwan ya fito ba. Da aka gama gini suka buɗe ƙofa, kowa ya zo ya gani, a ƙarshen zagayen a miƙa masa kofi ya sha. Shugabannin ƙungiyoyi su lura da wannan. Abin da aka ƙulla a ɗaki aka fito da shi a gama, ko mai kyau ne, jama'a za su tsarge shi.

INDA YASHI KE YIN AIKIN

Ba kowa ke bin hanyar injuna masu tsada ba. A ƙasar Isra'ila, kudu da birnin Tel Abib, akwai wurin da ake kira Shafdan, inda ake tara ƙazamin ruwan birnin da garuruwan kewaye, fiye da lita miliyan 300 a rana. Bayan gyaran farko sai a sake shi cikin manyan fangali na yashi. Tun 1977 suke haka. Akan cika fangali kamar kwana ɗaya, a bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku, lokaci lokaci kuma a bi shi da garma don kada fuskarsa ta toshe. Ruwa yana sauka a hankali, yashi yana tacewa, ƙananan halittun ƙasa suna cinye sauran dauɗa. Bayan watanni sai a jawo shi ta rijiyoyin da aka kewaye wurin da su, waɗanda kuma ke hana shi yaɗuwa zuwa rijiyoyin sha. Tun 1989 babban bututu ke kai shi hamadar Negeb, yankin Biyer-sheba, inda muke karantawa cikin Farawa sura 26 Ishaku ya sha jayayya da maƙwabta a kan rijiyoyi. Yau gonaki ne a wurin. Amma a lura, na ban ruwa ne, ba su ba mutane shi su sha.

A nan Afirka ma akwai. Winduk, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake gyara ƙazamin ruwa ya mayar cikin famfon gari, ya riga kowane birni a duniya. Sabuwar matatarsu ta 2002 tana iya ba da lita miliyan 21 a rana. A shekarun wadata sukan ɗura tsabtataccen ruwa cikin rijiyoyin burtsatse su ajiye domin shekarun fari, gama a madatsar ruwa rana ke shanye shi, a ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ta kai gare shi. Dabarar Yusufu ke nan a Masar, sai dai shi hatsi ya tara. Abu guda da suka kiyaye tun farko shi ne, ruwan masana'antu ba ya haɗuwa da na gidaje, hanyarsa dabam.

TO, MU FA?

Ba muna cewa ƙungiyarku ta tara kuɗi ta sayi irin injunan Kalifoniya ba. Wannan aikin manyan birane ne da gwamnati. Amma birane namu ne, 'ya'yanmu na can, ruwansu kuma yana gangarowa fadamunmu. A Kano manoma sun daɗe suna ban ruwan kayan lambu da ruwan Jakara, wanda ke kwaso kwatamin birni, ruwan majemu na zamani kuma yana shiga kogin Challawa da gubar da yashi ba ya iya cirewa. In an zo maganar ruwa a gaban hukuma, ya kamata wakilan manoma su san cewa gyara yana yiwuwa, wasu sun yi.

Akwai kuma abin da ke hannunmu tun yau.

1. Kada a ɗura ƙazamin ruwa cikin rijiya. Muna jan kunne ƙwarai a kan wannan, kada wani ya karanta labarin nan ya juya kwatamin gidansa cikin tsohuwar rijiya ya ce yana mayar wa ƙasa ruwa. Waɗancan sai da suka wanke shi ya fi na cikin ƙasar tsabta kafin su ɗura. Rijiya hanya ce kai tsaye, ba yashin da zai tace. Rijiyar da aka daina amfani da ita a cike ta da yumɓu a rufe, kada ta zama juji ko masai.

2. A raba guba tun daga tushe. Kada a wanke tankin feshi ko a zubar da baƙin mai kusa da rijiya ko rafi. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, watau ƙafa 100, ya kasance ta gangare, gindinsa kuma kada ya kusanci ruwa.

3. Ruwan wanka da na wanke-wanke kada ya kwanta a lungu yana tara sauro. A haƙa masa rami nesa da rijiya, a cika da duwatsu da tsakuwa, a dasa ayaba ko gwanda a gefe. Haka kuma ruwan da ke zuba a bakin famfon burtsatse.

4. A tsai da ruwan damina. Shi ne ruwa mai tsabta da muke bari ya gudu da ƙasarmu a ka. Jeren duwatsu a kan gangare, da kunya a gicciye, da ramukan tassa, da 'yan madatsai cikin kwazazzabo, duk suna sa shi ya tsaya ya nutse. A yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar, inda aka yi wannan aiki sosai tun ƙarshen shekarun 1980, mutanen waɗansu ƙauyuka sun shaida ruwan rijiyoyinsu ya taso.

5. A riƙa awo. Kowace ƙungiya ta zaɓi rijiya biyu ko uku, a sami igiya mai ƙulli a kowace ƙafa, magatakarda ya auna zurfin ruwa ranar ɗaya ga wata da sassafe kafin a soma ja, ya rubuta. Bayan shekara uku littafin nan zai raba gardamar da baki ya kasa rabawa.

6. Mai ja ya mayar. Ƙungiya ta duba ko masu injin ban ruwa za su riƙa sa wani abu cikin asusu kowane rani gwargwadon kadadarsu, a yi aikin tare ruwa da shi. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da kwanakin gayya.

Mun san na shida ɗin nan zai jawo magana, gama ba wanda ya saba biyan ruwan da ya haƙa da guminsa. Manoman lemo ma sai da gishiri ya shiga rijiyoyinsu. Mu ba mu da teku kusa, amma rijiyar da ta ƙafe da wadda ta yi zartsi duk ɗaya ne ga mai ƙishi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu masu bi mun sani ƙasa da abin da ke cikinta ba namu ba ne, amana ce aka ba mu mu nome ta mu kuma kiyaye ta, za a kuwa tambaye mu.

DOMIN TARONKU NA WANNAN WATA

A karanta wannan labari da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba, a tabbata mata suna wurin, sa'an nan a tattauna:

(a) Gaba nawa rijiyoyinmu suke a zamanin iyayenmu, nawa suke yanzu? A tambayi dattawa da masu haƙar rijiya.

(b) Ina ƙazamin ruwan ƙauyenmu yake tafiya? Akwai masai ko juji da ya yi kusa da rijiya?

(c) Wane kwazazzabo ne ya fi kwashe mana ruwa da damina, yaushe za mu yi masa gayya kafin ruwan fari ya sauka?

Ku rubuto mana abin da kuka shirya, da awon rijiyoyinku in kun soma, za mu buga domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hikimar ajiye ta. Amin.